Maƙwabtan Juji

Hausawa suna cewa babba juji ne. Abin da suke nufi shi ne, mutum in ya girma, ko ya zama maigida, ko aka naɗa masa rawani, to kowa ya kwaso ɓacin ransa a kansa zai juye, shi kuwa ba shi da damar ya ce a kai gaba. Watau an ɗauki juji an yi misalin haƙuri da shi. Amma mutanen nan da suka girmama juji a cikin karin magana, su ne kuma in sun hangi wanda ya sauko daga kan juji da buhu a kafaɗa sai su toshe hanci, su jawo 'ya'yansu kusa. Suna kiransa baban bola, ko ɗan jari-bola, kuma ba safai akan faɗi sunan da murya mai daɗi ba. To, tsakanin wannan mutum da garin da yake ci daga shararsa, wa ke bin wani bashi? Maganar tana da nauyi, domin akwai rai a cikinta, akwai kuma abinci.

Jujin da kakanni suka yi karin magana da shi ba irin na yau ba ne. Sharar da, toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da fasasshiyar ƙwarya, abubuwan da ƙasa ke cinyewa cikin damina ɗaya ko biyu. A Kano ma dukiya ce. In rani ya yi, manoman karkarar da ke kewaye da birni sukan ɗora wa jakuna itace su shigo su sayar, sa'an nan su cika mangala da taki daga jujin unguwanni su kora jakunansu gida. Da wannan taki ne gonakin kewayen Kano suka jure noma shekara da shekaru ba a bar su sun huta ba. Daga baya sai leda ta zo, da roba da gwangwani da kwalba da batir, kayan da ƙasa ba ta iya haɗiya. Birane kuma suka kumbura. Juji ya tashi daga ɗan tsibi a bayan gida ya zama tsauni wanda gwamnati ke yanka wa fili, motoci suna ta kai masa kaya.

A cikin irin waɗannan tsaunuka, wanda ya fi suna a Nijeriya shi ne na Olusosun, a unguwar Ojota ta birnin Ikko, watau Legas. Matafiyin da ya shigo birnin ta hanyar Ibadan yakan ji warinsa tun bai gan shi ba. Wajen 1992 aka fara zuba shara a wurin, sa'ad da yake bayan gari. Yau gari ya cim masa, ya kewaye shi da gidaje da masana'antu. Faɗinsa kimanin eka 100 ne. A kansa da gefensa mutane suka kafa bukkoki na katako da tsohon kwano da tamfol. Da yawa daga cikinsu samari ne 'yan Arewa da suka zo ci-rani, wani ya yi wata shida ya koma gona, wani kuwa ci-ranin ya zarce shekaru. A 2010 gidan telebijin na BBC ya nuna wani fim na zaman mutanen wurin, aka ga ashe ƙaramin gari ne sosai: ga masallaci, ga masu abinci, ga mai aski, ga ɗakin kallo, ga kuma shugabansu da ke raba musu gardama. Waɗansu manyan ƙasa suka fusata, suka ce an ci mutuncin Nijeriya a idon duniya. Ashe nuna jujin ya fi musu jujin kansa zafi.

Wanda bai sani ba yana tsammani aikin nan ba ya bukatar komai sai mataccen hanci. Ba haka ba ne. Da mota ta juye kaya, mai tsinta ya shiga da ƙugiyarsa ta ƙarfe, nan da nan zai rarrabe abin da ke kuɗi da abin da ba shi da amfani. Ya san jan ƙarfe shi ne sarki, alminiyam na biye, baƙin ƙarfe na baya. In ya yi shakka sai ya kanga ɗan maganaɗisu, abin da ya kama baƙin ƙarfe ne. Ya san roba iri-iri ce, ta gorar ruwa daban, ta fasasshen bokiti daban, in kuwa ya gauraya su mai saye zai karya masa farashi. Ya san kwali in ya jiƙe ya tashi aiki. In buhu ya cika sai ya kai wa mai sikeli, a auna, a biya shi a kan kilo. Mai sikeli ya tara ya sayar wa dillali, dillali ya loda tirela ya kai masana'anta. A can a narkar da ƙarfen a yi rodi, a niƙe robar a yi bokiti da buta, alminiyam kuwa maƙera su zuba tukwane da shi, kamar yadda ake yi a kasuwar Panteka ta Kaduna. Saboda haka attajirin da ya toshe hanci a cikin motarsa, mai yiwuwa ne rodin da ke riƙe da benensa ta hannun baban bola ya biyo, haka ma butar da yake alwala da ita. Gari bai ɗauki mutanen nan aiki ba, ba ya biyansu ko anini, amma kowace rana suna rage masa tsaunin da ya tara.

Burinsu kuwa, in an saurara, ba wani baƙon buri ba ne. Mai buhu yana so ya sami kura, domin ya daina jiran mota a kan juji, ya riƙa bi unguwa-unguwa yana sayen kaya tun ba su lalace ba. Mai kura yana so ya sayi sikeli ya zauna a inuwa a riƙa kawo masa. Mai sikeli yana hangen ranar da zai cika tirela da kansa. A ƙarƙashin duk wannan kuma akwai burin gida: a aika wa tsohuwa kuɗin hatsi kafin rumbu ya ƙare, a fanshi gonar da aka jinginar, a yi wa ɗaki rufin kwano, a sayi shanun huɗa, a yi aure, a sa ɗa a makaranta don kada ya gaji ƙugiya. Mai karatu ya lura da wannan na ƙarshe. Maƙeri yana alfahari ɗansa ya gaji uwar maƙera, amma da wuya a sami uban da ke addu'a ɗansa ya gaje shi a kan juji. Mutanen da kansu zango suka ɗauki wurin, ko da yake akwai zangon da mutum kan sauka da ƙuruciya, furfura ta tarar da shi bai ɗaure kaya ba.

Mafi yawan mutanen gari sun riga sun yanke hukunci cewa ƙazamai ne. Amma in an bi sawun ƙazantar, ba a bukkokin nan za a sami asalinta ba. Mazaunin juji ya fi kowa ƙarancin shara a birni, domin ba shi da abin zubarwa. Kowace leda da ke kan tsaunin nan daga wani gida mai shararren tsakar gida ta fito. Tsabtar wancan gida ba ta ɓatar da dattin ba, ta dai matsar da shi ne zuwa ƙofar wanda ba shi da bakin hanawa. An ce laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani. A nan kam tudun na gaske ne, ana iya auna tsawonsa.

Akwai wani zargi da ya fi wannan nauyi, wanda bai kamata a kauce masa ba, watau sata. Gaskiya ne ana cire murfin kwalbati daga kan titi, ana yanke wayar lantarki, kayan kuma a kasuwar tsofaffin ƙarafa suke ƙarewa. Mutumin da ɗansa ya faɗa ramin da aka sace wa murfi, lalle yana da haƙƙin ya yi fushi. A kan haka ne a watan Janairu na 2025 hukumar birnin Abuja ta hana 'yan bola yawo a cikin gari, ta ce su tsaya a juji can bayan gari, ta kuma dakatar da kasuwannin panteka na mako biyu. Hukuma ba ta yi ƙarya ba da ta ce akwai ɓarayi a cikinsu. Sai dai murfin kwalbati ba ya narkar da kansa. Akwai mai sikelin da ya saya yana sane, akwai masana'antar da ta karɓa ba ta tambaya ba. A kuma duba inda irin wannan hukunci ke tura mai gaskiya: daga titi, inda yake sayen busassun kaya a ƙofar gida, zuwa kan juji, inda haɗari ya fi yawa.

Waɗansu masu kirki kuwa sukan ce sana'a ba ta da ƙasƙanci, gara wannan da bara, Allah ya yi wa nemansu albarka. Maganar gaskiya ce, ta kuma fi raini nesa ba kusa ba. Lahaninta ɗaya ne, tana da arha. Mutum ya faɗe ta ya ji ya sauke nauyi, ya wuce abinsa, alhali wurin da ya yaba wa mutane zama a cikinsa yana cin rayukansu. Shara in ta taru ta yi zurfi, sauran abinci da ganyen da ke cikinta sukan ruɓe inda iska ba ta shiga, su haifar da wani gas mai kamawa da wuta wanda masana ke kira mitan. Shi ya sa babban juji yakan yi ta hayaƙi ba wanda ya ƙyasta masa ashana, wutar kuma tana ci ta ƙarƙashi inda ruwan 'yan kwana-kwana ba ya kaiwa. A watan Maris na 2018 gobara ta tashi a Olusosun, hayaƙi ya rufe unguwannin kewaye kwana da kwanaki, har gwamnatin jihar ta rufe wurin na wani lokaci. Ruwan sama kuma in ya ratsa tsaunin yakan fito baƙi, ya tsiyaya cikin ƙasa ya nufi rijiyoyin maƙwabta. Ga allurar asibiti da fasasshiyar kwalba a ɓoye cikin leda, ga hayaƙin wayar da ake ƙonawa don a fid da jan ƙarfe, wanda ke cin ƙirji a hankali.

Mafi munin abin da juji kan yi, an gan shi a Adis Ababa, babban birnin Habasha. Akwai wani juji a can da ake kira Koshe, kalmar kuwa a harshen Amhara datti take nufi. Kimanin shekara 50 birnin ya yi yana zuba shara a wurin, talakawa kuma suka gina ɗakunan laka da itace a gindinsa, domin nan ne zama bai fi ƙarfinsu ba. A 2016 hukuma ta koma zuba shara a wani sabon wuri a Sendafa, can wajen gari, amma manoman wurin suka tashi suka tare hanya, suka ce ba za a kashe musu gonaki ba. Motoci suka komo Koshe suka ci gaba da jibga kaya a kan tsaunin da ya riga ya gaji. Ran 11 ga Maris, 2017, da dare, gefen tsaunin ya zame ya rufta kan gidaje. Mutum fiye da 110 suka mutu, galibinsu mata da yara, ƙasar ta yi zaman makoki na kwana uku. A watan Agusta na 2024 aka sake ganin irin wannan a Kiteezi, kusa da Kampala ta ƙasar Uganda, inda mutum fiye da 30 suka halaka. Manoman Sendafa ba su yi laifi ba da suka ƙi. Suna da gona, suna da murya, aka ji su. Na gindin Koshe ba su da ko ɗaya. Wani zai ce ai da ƙafarsu suka je. I, da ƙafarsu suka je, kamar yadda wanda gobara ta tare wa ƙofa yakan diro ta taga da ƙafarsa.

Daga nan sai a ce, shi ke nan, a rufe juji, a kawo injuna da kamfani, a kori kowa don lafiyarsa. Rufe irin wannan juji wajibi ne, an kuwa sha yin shelar za a rufe Olusosun. Amma a cikin yadda akan gyara aikin shara ne zaluncin da ya fi ɓoyuwa yake. Mutanen Alƙahira ta Masar sun ɗanɗana. Tun wajen 1940 da 'yan kai waɗansu talakawan ƙauye daga kudancin ƙasar, galibinsu Kiristoci, suka riƙa bi gida-gida suna kwashe sharar birnin. Ana ce musu Zabbalin, watau masu shara. Su kai unguwarsu a rarrabe, sauran abinci a ba aladu, sauran kaya a sayar. Masu bincike sun ƙiyasta cewa cikin kashi biyar na abin da suka kwaso, kusan huɗu suke mayarwa abin amfani. A 2003 hukuma ta ɗauki kwangilar sharar ta ba kamfanonin Turai, waɗanda ba su ko kusanci wannan ƙwazo ba. A 2009 kuma, don tsoron wata mura da ake dangantawa da aladu, gwamnati ta sa aka karkashe dabbobin, kimanin 300,000. Da aka rasa mai cin sauran abinci sai Zabbalin suka rage kwasarsa, ya yi ta ruɓa a titunan birnin, mutane suka gane wanda ya daɗe yana share musu gari.

Wannan ya kawo magana kan gindinta: shara ta wane ne? Muddin ba ta da daraja, ta wanda ya sunkuya ce. Ranar da aka gane ana samun kuɗi a cikinta, ko ana iya ƙona ta a sami lantarki, kamar injin da aka buɗe a gefen Koshe a 2018, sai ta zama dukiyar hukuma, a yi mata shinge, a sa maigadi. A takarda hukuma ce ke da gaskiya, domin filin nata ne. Amma al'adar ƙasar Hausa ta san wani irin haƙƙi da ba a takarda yake ba. Mutumin da ya shiga dajin da ba mai so, ya sare, ya tumɓuke kututture, ya mai da shi gona, dattawa ba su yarda a tashe shi haka kawai ba tare da an duba wahalarsa ba. Masu tsinta su suka sare wannan daji. Su suka gano wace roba ke sayuwa, suka buɗe hanya daga juji zuwa masana'anta, suka biya da ƙirjinsu da yatsunsu. Ba su da haƙƙin a bar juji yana kisa don su ci abinci. Haƙƙinsu shi ne, in za a gyara aikin, a fara da su.

An kuwa gwada haka. A birnin Pune na ƙasar Indiya masu tsintar shara, galibinsu mata, sun kafa ƙungiya a 1993, suka matsa har hukumar gari ta amince da katin shaidarsu. A 2008 suka ƙulla yarjejeniya da hukumar, suka riƙa bi gida-gida da kura suna karɓar shara tun daga ƙofa. Kowane gida yana biyansu ɗan abu a wata, abin da suka tsinta kuma nasu ne su sayar. Ba su zama attajirai ba, aikin ma bai daina zama na datti ba. Amma matar da a da ɗan sanda ke kora ta sami layin da aka san ta da shi, tana kuma karɓar kwalinta busasshe maimakon ta tono shi daga ƙarƙashin ruɓa. Katin nan ɗan ƙaramin abu ne, amma da irinsa ake rarrabe mai sana'a da mai cire murfin kwalbati. Daga bakin matan dabarar ta fito, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

Maganar yara ta fi duka wuya. Yaro ɗan shekara goma da ke bin juji yana kawo wa uwarsa kuɗin cefane yau, makaranta kuwa alkawari take yi na waɗansu shekaru goma masu zuwa. Hana shi da bulala ba ya cika tukunya. Abin da ke fid da yaro daga juji shi ne uban ya sami abin da zai ishe su ba tare da hannun yaron ba. Wannan kuwa ya koma kan farashin kilo, da gaskiyar sikeli, da ko mai kawo kaya ya iya karanta lambar da sikelin ya nuna ya yi lissafin kuɗinsa da kansa, da kuma yawan mutanen da ke tsakaninsa da masana'anta, kowa yana yankar rabonsa. Masu tsinta goma in suka yi karo-karo suka sayi sikeli ɗaya, sun cire mutum ɗaya daga wannan layi.

Magidanci da uwargida ba su da ikon rufe juji, amma hannunsu ne na farko da shara ke bi. Fasasshiyar kwalba da reza da allura, in an zuba su a gwangwani an toshe bakinsa kafin a yar, an tsirar da yatsan wani da ba za a taɓa gani ba. Kwali da roba in an keɓe su daga sauran miya, kuɗinsu bai faɗi ba. In kuma mai kura ya tsaya a ƙofa yana kira, akwai wanda zai aiko yaro ya watsa masa kayan daga nesa, akwai wanda zai fito ya amsa sallamarsa, ya tsaya a yi ciniki kamar yadda zai yi da mai itace ko mai ruwa.